Ɗan ƙaramin DAC na waya: sauti ya yi, amma saura ƙiris ya kashe min kunne

DAC ɗin nan, wato na'urar da ke mayar da lambobin fayil ɗin waƙa su zama sauti, ɗan mitsitsi ne mai wutsiya, irin wanda ake sokawa a ramin caji na Type-C sai ka sa iyafis ɗinka a ɗaya bakin. Waɗanda suka san harkar sun san kuɗinsa sun san inda ake samu, ba sai na faɗa ba. A kwalin an rubuta 32-bit/384 kHz da manyan baƙaƙe ga kuma tambarin Hi-Res ɗin nan mai ruwan gwal, na sautin da aka ce ya fi na faifan CD inganci. Ni dai abin da ya sa na saya wayata ba ta da ramin iyafis kwata-kwata, kuma ƙaramar adaftar da na fara ɗauka mai araha ashe babu komai a cikinta sai kebul zalla, tana jiran wayar ce ta turo mata sauti, tawa kuma ba ta yin haka, kana sokawa sai ta ce ba ta gane na'urar ba. To wannan shi yana da nasa injin a ciki, shi ke karɓar lambobin ya mayar da su sauti.

A jikinsa akwai wata 'yar fitila. Takardar cikin kwalin ta ce idan fayil ɗin 44.1 ko 48 kHz ne, wato sau dubu nawa aka auna sautin a kowace daƙiƙa, za ta nuna kore, idan ya kai 96 ta koma shuɗi, sama da haka kuma wani launin daban. Na zuba FLAC, irin fayil ɗin waƙar da ba a zubar da komai daga sautinsa, na 24-bit/96 kHz, kore. Na sa na 192, kore. Na sa wata tsohuwar MP3 da aka turo min a WhatsApp, ita ma kore. Raina ya ɓaci sosai, na koma wajen yaron da ya sayar min na ce ƙanena jabu ka ba ni ko, ya ce haba yaya wallahi orijinal ne, ya soka a laftof ɗinsa ya ɗan taɓa setin sai ga fitila ta koma shuɗi a gabana. Sai ya ce ai matsalar wayarka ce, ya juya ga wani kwastoma. Ko bayani ɗaya bai ƙara min ba, kuma lokacin da yake karɓar kuɗina bai ce min akwai wani abu makamancin haka ba.

Abin da ke faruwa shi ne Android yana da waje ɗaya da yake haɗa duk sautukan waya, ringin da ƙarar saƙo da waƙa da komai, kuma a yawancin wayoyi wajen nan a 48 kHz yake aiki. Duk abin da ka kawo sai an mayar da shi 48 kafin ya fita, na 96 a sauke shi, na 44.1 irin na faifan CD a ɗaga shi. Shi DAC ɗin abin da aka ba shi yake nunawa. An ce Android 14 da ya fito a 2023 ya buɗe hanyar da sauti zai wuce ta USB ba tare da an taɓa shi ba, gaskiya ne, amma sai kamfanin wayar da manhajar waƙar duk sun ɗauki tsarin, a tawa dai ban ga alamarsa ba. Maganin da ya yi min shi ne USB Audio Player PRO, ta kuɗi ce ba kyauta ba, tana da nata direban da ke magana da DAC kai tsaye ba ta bi ta wajen haɗa sautin nan. Kana sokawa waya za ta tambaye ka ko ka yarda manhajar ta riƙe na'urar, ka ce eh, shi ke nan.

To a nan ne abin ya faru, kuma shi ne dalilin rubutun nan. Bayan isha ne, gida ya yi tsit, iyafis ɗin irin mai robar nan ne da ke shiga can cikin kunne ya toshe. Ƙarar wayata tana ƙasa da rabi kamar kullum. Na danna, na ga fitila ta yi shuɗi, ban ma gama murna ba sai wata irin ƙara ta daki ƙwaƙwalwata, wallahi ji na yi kamar an harba bindigar toka a cikin kaina, na fizge iyafis ɗin har wayar ta faɗi ƙasa. Uwargida tana can bakin ƙofa ta ji sautin daga cikin iyafis, ta ce Malam lafiya? Ban ma ji me ta ce ba sai da ta maimaita. Kunnena na hagu ya kwana yana ƙugi, da asuba liman na karatu ina jin wani siriri yana fiii a ƙasan muryarsa, hankalina ya tashi ba kaɗan ba, don mutum ya rasa ji saboda waƙa ai abin kunya ne a faɗa. Allah ya taimaka ya lafa daga baya.

Dalili kuwa, da manhajar ta karɓi DAC ɗin kai tsaye, madannin ƙara na waya ya tashi daga aiki a kansa, sai ƙarar da ke cikin na'urar kanta, ita kuma wannan da na saya a ƙure take farawa. Babu madanni a jikinsa, babu gargaɗi a takarda, layi ɗaya ma da zai ce ka rage kafin ka sa a kunne babu. Sun samu wajen rubuta 384 kHz da manyan baƙaƙe amma ba su samu wajen wannan ba. Hukumar lafiya ta duniya tana cewa babba kada ya wuce desibel 80 na awa 40 a mako, abin da ya shiga kunnena a daren nan ya wuce nan nesa ba kusa ba. Yanzu ƙa'idata ita ce iyafis yana hannu ba a kunne ba, in danna, in ja ƙarar cikin manhajar zuwa ƙasa, sannan in sa. Duk wanda zai sayi irinsa don Allah ya riƙe wannan.

Amma fa maganar gaskiya da na daidaita shi sautin ya yi daɗi. Ina da wani babban hedifon da tsohuwar wayata ba ta iya ɗauka, ko ka ƙure sai ka ji shi a shaƙe, wannan ɗan abin ya tashe shi tsaf, kalangu kana jin lokacin da makaɗi ya matse tsirkiya ya sake, amshi na gefe guda mawaƙi na tsakiya, babu hucin nan na shuuu idan waƙa ta yi shiru. A wannan makon har na fara cewa abokai su saya. Sai dai in aka ce in rantse na bambance FLAC na 16-bit/44.1 da na 24-bit/96 ido rufe ba zan rantse ba. Kunnen ɗan adam iyakarsa wajen 20 kHz, shi ma na yaro, kuma 44.1 ɗin yana ɗaukar har 22 kHz. Abin da nake ji ƙarfin na'urar ne da tsabtarta, da kuma barin MP3 na 128 kbps mai ƙaramin inganci da aka yi ta turawa ta Xender. Shuɗin fitilar dai ido yake wa daɗi.

Kuma a yi hattara da masu tura waƙa a memori. Wani ya cika min da sunan Hi-Res, na buɗe a Spek, manhajar da ke nuna zanen sauti, a kwamfuta na ga sautin an yanke shi ƙat a wajen 16 kHz, alamar MP3 ce aka juya ta zuwa FLAC. Fitilar kuwa shuɗi take nunawa abinta. Waƙar minti 5 da ba ta kai MB 5 ba an kumbura ta ta haura MB 100 a banza.

Sai kuma sauran abubuwan da suka dawo min da haushin. In allo ya mutu waƙa ta fara tsinkewa, sai da na cire manhajar daga tsarin tattalin batir na ƙara mata girman bafa, wato sautin da take tarawa kafin ta fitar, kafin ta zauna. Wayata tana kashe OTG, setin da ke ba ta damar gane na'urar USB, da kanta in ta ga ba komai a soke na 'yan mintuna, ka dawo ka soka shiru, sai ka shiga setin ka kunna. Batir kuwa sha yake kamar me, na'urar ta yi ɗumi, kuma rami ɗaya ne, ko caji ko waƙa, a garin da in an kawo wuta kowa caja yake nema. Na gwada mai raba rami biyu, in da janareta ake cajin sai ka ji zizar nan a ƙasan waƙa. Wanda ya fi ba ni kunya, da yake manhajar ta riƙe DAC ɗin ita kaɗai, na danna saƙon murya a cikin adaidaita sahu iyafis na kunnena sai ga muryar ƙanwata tana fita ta sipika kowa na ji.

Wani abokina ya ce me ya kai ka, ka sa bulutut mana. LDAC, tsarin Sony na tura sauti mai inganci ta bulutut, yana cikin Android tun 8.0, ƙarshensa 990 kbps, CD kuwa 1411 ne, ka ga dole a matse. Kuma sai ka danna lambar Build sau 7 ka buɗe Developer options ka zaɓi 990 da hannunka, in ka shiga cunkoso ya fara katsewa. Shi da yake maganar ma iPhone yake riƙe, babu LDAC a cikinta, tsarin AAC yake samu.

Yanzu wutsiyar ta fara tsagewa a wuya wajen da take lanƙwasa a aljihu, na naɗe ta da salatif, yaron ya ce babu garanti a kan kebul. In ta ƙarasa mutuwa zan ƙara kuɗi in ɗauki mai madannin ƙara a jikinsa wanda ake iya cire kebul ɗin a canza, wannan dai ba zan maimaita shi ba kuma ba zan ba yaro ya taɓa shi ba.