Gyaran agogunan tsohuwar Marsandi 190 a Sakkwato: abin da na gani

Motar da nake magana a kanta Mercedes-Benz 190E 2.3-16 ce ƙirar 1986, wadda na saya a hannun wani dattijo bayan ta daɗe a ajiye. Wanda bai san ta ba zai ɗauka irin 190 ɗin nan ce da aka saba gani a titi, alhali kan injinta mai bawul 16 kamfanin Cosworth na Ingila ne ya tsara shi, kuma da irinta shahararren direban tsere Ayrton Senna ya ci tseren Nürburgring na Jamus a 1984. Abin da ya bambanta cikinta da na sauran shi ne ƙananan agoguna uku da ke gaban sandar giya: na zafin baƙin mai, na cajin batir, da na ƙidayar lokaci. Lokacin da ta shigo hannuna babu ko ɗaya a cikinsu da za a iya dogara da shi.

Wanda ya fi damuna shi ne na zafin baƙin mai. A garin da zafi kan wuce digiri 40 a watan Afrilu, mutumin da zai ɗauki hanyar Gusau ko Birnin Kebbi da tsohon inji mai son gudu yana bukatar sanin halin da man yake ciki, domin agogon zafin ruwa da ke gaban sitiyari ba ya ba da wannan labari. Ruwa kan tsaya daidai alhali mai ya yi zafi har ya tsinke. Allurar tawa kuwa wani lokaci ta kwanta kamar an kashe mota, wani lokaci ta yi tsalle idan na kunna fitila.

Na kai ta wurin wani mai wayarin mota a cikin gari, da niyyar ya cire agogunan duka ya sa sababbi masu faɗin milimita 52 irin waɗanda ake samu a kasuwa. Ya ƙi taɓa komai sai da ya gwada. Ya zare wayar da ke zuwa daga sensa, wato 'yar na'urar da ke jin zafin mai, ya taɓa ta da jikin inji, nan take allurar ta haura har ƙarshe, sai ya dube ni ya ce: "Alhaji, agogon lahiya lau yake, matsalar waya ta da sensa." Bayanin da ya yi mini daga baya ya gamsar da ni. Irin wannan sensa tana rage tare wuta ne gwargwadon yadda mai ke ƙara zafi, agogon kuma yana fassara wannan canji zuwa digiri, saboda haka dole su kasance 'yan gida ɗaya. Wani da ya taɓa motar a baya ya ɗaura sensar wata mota dabam, ya kuma naɗe haƙoranta da farin tef na masu aikin famfo don kada mai ya zuba, ba tare da la'akari da cewa ta waɗannan haƙora ne wuta ke komawa jikin inji ba. A bayan agogunan kuma, wayar da ke haɗa su da ƙarfen mota ta yi tsatsa, ƙurar hunturu ta shekaru ta daskare a kanta, shi ya sa kunna fitila ke motsa allura.

Na cajin batir bai ba da wahala ba. Da aka kankare tsatsar aka ɗaure wayar, ya gwada da mitarsa a kan batir: 12.6 mota a kashe, kusan 14 idan inji na aiki, kuma allurar ta yi daidai da abin da mitar ta nuna.

Inda ban ji daɗi ba shi ne wajen lokaci da kuma hannu. An ce mini kwana uku sensar za ta iso daga Legas, sai da ta kwashe kusan mako uku, kuma ni ne kullum mai kira. Na san ba duka laifinsa ba ne, tunda kayan wannan mota ba su da yawa, amma da ya faɗa mini gaskiya tun farko da ban bar motar a rana tana shan ƙura ba. Haka kuma yaronsa ya ɓalle ɗaya daga cikin 'yan kunnuwan robar da ke riƙe da allon agogunan, domin roba mai shekara kusan 40 da ta sha zafin Sakkwato ba ta jure a ɓamɓare ta da sukuddireba. An liƙe ta da gam, tana riƙe, amma ina jin ƙararta kaɗan idan na shiga gargada. Ƙwan fitilar da suka sa a bayan agogon cajin ma fari ne tas mai haske fiye da na sauran, har da dare yana ɗaukar ido, sai da na koma aka sauya shi da ƙaramin ƙwai na asali.

Agogon ƙidayar lokaci dai bai gyaru ba. Fuskarsa irin ta agogon hannu ce mai lambobi, kuma zafi ya riga ya baƙanta rabinta. Ya ba ni shawarar a toshe gurbin da wani agogo na zamani mai auna ƙarfin bugun mai, na ƙi, domin irinsa yana nan a babban allo, kuma baƙon agogo a tsakanin na asali biyu zai ɓata kamannin motar. Na bar shi a wurinsa har in samu na hannu mai kyau.

Bayan gyaran na je Birnin Kebbi da tsakar rana na dawo. Allurar mai ta zauna tsakanin digiri 90 da 100 a tafiya ta hankali, ta kusanci 110 da na taka totur na ɗan lokaci, sannan ta sauko da na sassauta. Kuɗin aikin da na sensar bai kai abin da sababbin agoguna uku za su ci ba. Zan sake kai masa motar idan wayarin ya ba da matsala, amma da sharaɗin ni zan nemo kayan da kaina kafin in ajiye ta, kuma shi da kansa zai cire allon, ba yaronsa ba.