Ƙarfen riƙo a makewayin Inna, bayan wata bakwai

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kama Inna bara da damina, wanka ya zame mata abin fargaba. Hannun hagu ba ya riƙo, ƙafar hagu kuma jan ta take yi. Makewayinmu a Bukoki karo ne, wato tayil, ƙasa da bango, in ruwan sabulu ya zuba kuwa, santsi kamar miyar kuɓewa. Ba mu da bahon wanka irin na otal, bokiti ne da moɗa da ƴar kujera. Ni ke shiga da ita, kuma duk wanda ya san kunyar tsofaffinmu ya san yadda abin ke ci musu rai. Sai ta fara tsallake wanka, wai ba ta yi zufa ba. A Yamai, cikin watan Afrilu!

Abin riƙo na farko da na saya na roba ne, mai faifai biyu da ke tsotsar bango in an danna maɓallinsu, ba sai an huda ba. Sauƙin ne ya ruɗe ni. Ranar farko na ja shi da ƙarfi, ko motsi bai yi ba. Kwana na huɗu da asuba na tarar da shi a ƙasa, ba wanda ya taɓa shi. Karonmu ƙanana ne, faifan ya hau kan layin siminti da ke tsakaninsu, iska tana shiga kaɗan kaɗan har ya saki. Da na koma kan takardarsa, ashe an rubuta da Faransanci, ƙananan baƙaƙe, cewa na dafawa ne kawai, kada a ɗora masa nauyin jiki, kuma a gwada shi kafin kowane wanka. To mai ɓari ɗaya da zai miƙe daga zaune, ina zai kai nauyinsa? Allah ya tsare ba a hannunta ya saki ba.

Daga nan na nemi na ƙarfen inokis, wanda ba ya tsatsa, guda biyu masu santimita 60, kauri milimita 32, tsakiyarsu da kaushi. Kaurin nan daidai tafin hannu yake, yatsu suna zagaye shi.

Aikin yana wajen kafawa. Bangonmu birki ne mai rami, ƴan robobin da aka haɗo cikin kwali kuwa gajeru ne, ba abin da za su kama a ciki. Maginin ya huda bangon har waje, ya zura dogayen kusoshi masu noti da muka samo a kasuwar Katako, ya tare su da faranti ta baya. Ya fasa mini karo ɗaya garin gaggawa, har yau in na gani sai na yi tsaki. Da ya gama na sa shi ya rataya da duk jikinsa kafin in biya shi.

Ƙa'idar Amurka ta ce a sa na kwance tsakanin santimita 84 da 91 daga ƙasa, kuma ya iya ɗaukar kusan kilo 113. Nauyin na yarda da shi, amma tsayin bai yi wa Inna ba: gajeruwa ce, kujerarta ma ƙasa ƙasa take. Mai yi mata motsa jiki a asibiti ya ce a sa ta ɓangaren hannunta mai lafiya, kuma ita za ta nuna wurin. Muka zaunar da ita, ta miƙa hannun dama, na yi alama da gawayi. Ɗayan muka tsayar da shi a bakin ƙofa, inda ake ɗaga ƙafa a haye dokin ƙofa, don nan ta fi tangaɗi.

Ba zan ce ba shi da aibi ba. Bakinsa biyu sumul ne, hannu mai sabulu yana zamewa in bai kama tsakiya ba. Murfin da ke rufe kusoshi yana yawan kwancewa. Yaran gida sun mai da shi wurin rataya tawul da lilo, sai da na yi faɗa. Kuma bai hana ƙasa santsi ba, dole na shimfiɗa tabarmar roba mai ramuka, na cire sakatar ciki don a iya shiga in wani abu ya faru.

Yanzu ruwa kawai nake kai mata. In na tsaya jikin ƙofa ina saurare sai in ji ta ce, "Ke, ja mini ƙyauren nan ki je ki ji da tukunyarki." Saura wajen masai, can tsuguno ke ba ta wuya. Na riga na sayi na uku, magini ya ce sai Asabar.