Kuɗin lesin ɗin yaro: adashi, rance ko neman tallafi?

Da zarar JAMB ta buɗe sayar da fom a farkon shekara, iyaye a Sakkwato sai lissafi. Ga kuɗin rajista, ga WAEC wajen Mayu da Yuni, NECO na biye, sannan yaro ya ce lissafi ba ya shiga kansa sai an ɗaukar masa malamin lesin. Na bi yawancin hanyoyin nan a kan 'yata ta fari, kuma ba zan ɓoye ba, adashin iyaye na fi so.

Ga yadda muka yi a layinmu a Mabera. Gida biyar muka haɗu, kowa da ɗan aji shida na sakandare. Maimakon kowa ya ɗauki malaminsa, muka nemo ɗalibi guda daga Jami'ar Usmanu Danfodiyo mai karanta lissafi, yana zuwa sau uku a mako bayan La'asar. A zauren maƙwabcinmu ake yi, da tabarma biyu da allon katako da muka shafa wa baƙin fenti. In malami ya ce dubu ashirin a wata, kowane gida dubu huɗu ke nan. Zubin kuma mako-mako muke yi a hannun wata Hajiya da kowa ya yarda da amanarta, ita ce uwar adashi. Ranar biyan malami ba a bin kowa gida. Abin da ya ragu muka tara muka sayi littafin tsofaffin tambayoyin JAMB, muka kuma biya wa yaran awanni a shagon kwamfuta, tunda jarrabawar da kwamfuta ake yin ta, kuma a cikinsu akwai wadda ba ta taɓa riƙe linzami ba. Babu ruwa a kan kuɗin, babu wanda ya ci bashi, kuma in malami ya yi fashi ido goma ne a kansa. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ma sun dace, su da koyarwar suke karanta, haka masu yi wa ƙasa hidima.

Ma'aikaci mai ƙungiyar adashin gata a wurin aiki zai iya karɓar rance a riƙa cira daga albashi, amma a fara tambaya ko akwai ruwa. NELFUND kuwa, wato asusun rancen karatu na gwamnatin tarayya, na ɗaliban manyan makarantu ne, ba ruwansa da lesin ɗin ɗan sakandare. In yaron maraya ne, a je Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha a kai koke, sai dai a fara lesin ɗin kafin amsa ta zo. Kawu ko yaya mai hali, a faɗa masa adadi da wata nawa, ya fi a ce masa "a taimaka".

Manhajar rance ta waya ce ba na so ko maƙiyina ya taɓa. Na karɓa sau ɗaya don in biya malami. Kafin kuɗin su shigo an riga an yanke wani abu, wa'adin kuma ɗan kwanaki. Da na makara, sai saƙo ya isa wayar surukina cewa ni maciyin bashi ne. Har yau ina jin nauyin gaishe shi. Ga riba, ga tonon asiri. Hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu sayayya ta sa masu ba da irin wannan rance yin rajista tun 2022, amma rajista ba ta cire ruwan da ke kai.

Sai 'yan damfara, waɗanda lokacin jarrabawa ne kakarsu. Za a turo maka saƙo a WhatsApp wai ana raba tallafin karatu, ka latsa ka cike. Suna neman BVN, suna neman lambar katin banki, daga ƙarshe su ce ka karanto musu lambar da banki ya turo maka. Kana karantowa asusunka ya tashi. Duk tallafin da aka ce sai ka biya kuɗin fom ta asusun wani mutum, ka bar shi. Akwai kuma masu cewa za su ƙara wa yaro maki a JAMB, daga 150 su kai shi 250 cikin 400. Ƙarya ce, kuɗinka za su tafi, yaron kuma ya iya shiga matsala.

Malaman ma a tantance su. Kafin mu yi adashin, wani ya karɓi kuɗin wata uku a hannuna, ya zo sau huɗu, daga nan wayarsa a kashe. Tun ranar ba na biya sai ƙarshen wata. Ka nemi katin shaidarsa na makaranta, ka san wanda ya tsaya masa a unguwa, ka zauna a darasin farko ka ji ko yara na gane bayaninsa. In 'ya'ya mata ne, a yi karatun a inda manya ke gani. Duk Juma'a ina buɗe littafin 'yata in duba ko akwai jan biro da kwanan wata a aikin makon.