Aviation Safety Network: madogara mai amfani ga masu rubuta tarihin jiragen sama, amma a san iyakarta

Duk wanda ya taɓa zama zai rubuta maƙala a Wikipedia kan wani haɗarin jirgin sama, ba ya daɗewa zai ci karo da Aviation Safety Network, wato ASN. Rumbun bayanai ne na kyauta a intanet, wanda wani ɗan ƙasar Holan, Harro Ranter, ya assasa a 1996, yanzu kuma yana ƙarƙashin Flight Safety Foundation, wata gidauniya mai aikin rage haɗurran jiragen sama. Hukuncinmu a kansa shi ne: wajen gane jirgi da kansa ba shi da na biyu, wajen adadin mamata da musabbabin haɗari kuwa sai an haɗa shi da wata majiya.

Kowane haɗari yana da shafinsa, kuma tsarin ɗaya ne: kwanan wata, lokaci, samfurin jirgi, kamfanin da ke tafiyar da shi, lambar rajista, lambar da masana'anta ta ba shi, yawan mutanen ciki, waɗanda suka rasu, inda ya tashi da inda ya nufa, sai taƙaitaccen bayani. Lambar rajistar nan ita ce mabuɗi. Haruffan farko suna nuna ƙasa: 5N Najeriya, 5U Nijar, 9G Gana, TT Chadi, ST Sudan. Sai dai rajista tana sauyawa idan aka sayar da jirgi, lambar masana'anta kuwa tana tare da shi har ya zama tarkace. Don haka a rubuta su biyun a akwatin bayanai na maƙalar Wikipedia.

Amfanin wannan yana fitowa fili a jiragen alhazai, domin galibi hayarsu ake yi. Jirgin da ya faɗi a Kano ranar 22 ga Janairu, 1973, yana dawowa da alhazai daga Jidda, mutane da yawa suna rubuta shi a matsayin jirgin Nigeria Airways kawai. Shafinsa na ASN ya nuna Boeing 707 ne mai rajista JY-ADO, wato na kamfanin Alia na Jordan, Nigeria Airways haya ta yi. Legas ya nufa, rashin kyawun yanayi ya sa aka karkatar da shi Kano, kuma mutum 176 cikin 202 suka rasu. Haka na 11 ga Yuli, 1991, wanda ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato da mutum 261, babu wanda ya tsira: DC-8 ne mai rajista C-GMXQ na kamfanin Nationair na Kanada. Wanda bai duba rajista ba, zai jingina wa kamfani ɗaya kula da jirgin da ba nasa ba, alhali a haɗarin 1991 batun kula da tayoyi shi ne tushen binciken, domin tayoyin da iskarsu ba ta cika ba ne suka fashe wajen tashi har wuta ta kama.

Inda ake tuntuɓe kuwa shi ne ɓangaren da suke kira Wikibase. Wannan kowa na iya ƙara bayani ko gyarawa, kamar Wikipedia ɗin kanta. Jingina maƙala da shi tamkar mai bashi ne ya tsaya wa mai bashi. Kada a tsaya ga adireshin shafi kaɗai. A gangara ƙasa a duba jerin majiyoyin da aka kawo da tarihin gyare-gyare. Idan majiyar rahoton hukumar bincike ce, a bi ta a ɗauko rahoton, shi za a kafa hujja da shi. Idan kuwa jarida ɗaya ce ta ranar da abin ya faru, ko kuma Wikipedia aka ambata, to a ajiye. Wannan na ƙarshe ya fi haɗari: edita ya rubuta adadi ba hujja, wani ya kwafa zuwa Wikibase ko jarida, sannan a dawo a kafa hujja da kwafin. Kuskure ya zagayo ya zama gaskiya ke nan.

Adadin mamata yana buƙatar haƙuri na musamman idan jirgi ya faɗa unguwa. Jirgi samfurin BAC One-Eleven na kamfanin EAS Airlines, 5N-ESF, ya faɗa Gwammaja a Kano ranar 4 ga Mayu, 2002. Rahotannin kwanakin farko sun kai adadin kusa da 150, daga baya aka tsaya a kan 103. Har yau duka biyun suna yawo a intanet. Abin yi shi ne a raba na cikin jirgi da na ƙasa, a fifita rahoton ƙarshe na hukuma, sannan a faɗa a cikin maƙalar cewa rahotannin farko sun saɓa, kowane adadi da majiyarsa. Waɗannan iyayen wasu ne da 'ya'yan wasu, ba daidai ba ne a yi musu ƙiyasi.

A kula da lokaci ma. Wasu bayanan da agogon UTC suke, wato agogon bai-ɗaya na duniya, Najeriya tana gaba da awa ɗaya, Saudiyya da awa uku, haɗarin tsakar dare kuma yana iya tsallaka kwanan wata.

Rumbun ASN na haɗurra ne zalla. Saukar jiragen sojan saman Birtaniya samfurin DH.9A guda uku a Kano a Nuwamban 1925, ko tarihin tsohon kamfanin jiragen sama West African Airways Corporation, ba a nan za a same su ba, sai tsofaffin jaridu da littattafai. Galibin bayanan ASN da Turanci suke, bayanin musabbabi kuma sau da yawa taƙaitawa ce ta rahoto mai shafuka masu yawa. Na haɗurran Najeriya na baya-bayan nan, a nemi cikakken rahoton a shafin NSIB, hukumar binciken haɗurra ta Najeriya da a da ake kira AIB, a ambaci lambar shafin da aka ɗauko maganar, tare da ranar da aka duba.