Namiji ko Mace: Wane Ɓera Za Ka Saya Don Binciken Mama?

Kafin ka biya kuɗin ɓeraye a gidan dabbobin gwaji a Samaru, ka fara sanin abin da kake son gani a silaid, wato gilashin da ake ɗora siririn yankin nama a duba a madubin likita, domin maman namiji da na mace ba tsari ɗaya ba ne.

Mace tana da mama 12, shida a kowane gefe, daga wuya zuwa matsematsi. Namiji ma yana da naman maman a ƙarƙashin fata, kan nono ne kawai ba shi da shi. A madubin likita, maman macen da ba ta taɓa ɗaukar ciki ba siraran bututu ne warwatse cikin kitse, kowanne da raminsa a fili. Na baligin namiji kuwa manyan ƙwayoyi ne cunkushe a dunƙule, da kyar ake ganin rami. Homon ɗin maza, wato sinadarin jiki mai kawo siffofin namiji, shi ke jawo haka, amma sabon hannu yakan ɗauka ƙari ne, ya rubuta cuta inda lafiya ƙalau.

In sankarar mama za ka jawo, mace za ka saya, kuma irin ɓeran da ake kira Sprague-Dawley ta fi. Hanyar da mai bincike Charles Huggins ya wallafa a 1961 ita ce miligiram 20 na DMBA, wani sinadari mai jawo sankara, ta baki, sau ɗaya, ɓera tana da kwana 50 zuwa 55. A lokacin ƙarshen bututun maman bai gama nuna ba, sinadarin ya fi kama shi. Da ta girma, ƙarin yakan ragu ƙwarai. Saboda haka ranar haihuwa za ka tambaya, nauyi yana ruɗi. Wistar, wani irin ɓeran, ta fi sauƙin samu a Zariya, sai dai ba ta kai waccan saurin kamuwa ba, don haka ƙara yawan ɓerayen kowane rukuni.

In kuma magani ko ruwan wani ganye kake gwadawa ko yana taɓa homon, namiji ya fi amfani fiye da yadda ake zato. Estirojin (homon ɗin mata) ko furolaktin (homon ɗin samar da nono) in ya hau, mamansa yakan koma tsarin na mace ƙarara, ga shi ba ruwansa da zagayen neman barbara na kwana 4 zuwa 5 da ke sauya maman mace. Ka nemi ɗan mako 8 zuwa 10. Kafin balaga jinsin biyu kusan kamarsu ɗaya, tsohon namiji kuma yakan karkata zuwa tsarin mace da kansa.

Wurin saye, ɗaga wutsiya ka duba: tazarar dubura da al'aura ta fi tsawo a namiji. Kada ka karɓi macen da ta zauna keji ɗaya da maza bayan yaye, ciki na kwana 21 zuwa 23 yana sauya maman gaba ɗaya. A watan Maris da Afrilu, da sanyin safiya ake ɗaukar su, a bar su mako 2 su saba da wuri kafin a fara komai. Ranar yanka, cire mama na 4 da na 5, in aka ƙirga daga wuya, haɗe da kaluluwar da ke wurin, ka sa a fomalin kashi 10 cikin ɗari, ruwan da ke hana nama ruɓewa.