Bizar ziyara ko sufa biza: wacce za a nema wa Mama?

'Yar'uwa, kin ce kina son Mama ta zo wajenki Kanada ta daɗe, kin rasa wacce za ki nema mata tsakanin bizar ziyara da aka saba da sufa biza. Ki fara da duba takardarki ke kanki. Sufa biza ta iyaye da kakannin ɗan ƙasa ce, ko wanda ke da takardar zama na dindindin. In karatu ko izinin aiki ne ya zaunar da ke, magana ta ƙare, sai bizar ziyara.

In kuwa kin cancanta, babban bambancin yana ga tsawon zama. Da bizar ziyara, jami'in da ya karɓe ta a filin jirgi yakan ba ta wata shida, ko da bizar da ke fasfonta ta shekaru ce. Mutane da yawa a nan suke ruɗewa, su ɗauka shekarun bizar su ne shekarun zama. Ana iya neman ƙari daga cikin ƙasar, hukumar shige da fice ta Kanada, IRCC, kuma tana son a nema saura aƙalla kwana 30, amma roƙo ne, ana iya hanawa. Ita sufa biza, wadda aka fara a ƙarshen 2011, tun Yulin 2022 tana ba da damar zaman har shekara biyar a shiga ɗaya.

Sai dai wannan sakewar tana da tsada. Za ki nuna kuɗin shigarki ya kai mizanin da gwamnati ta sa, kuma da Mama a lissafin mutanen gidan. Za ta je gwajin lafiya wajen likitan da hukumar ta amince da shi. Sannan ga inshorar lafiya ta aƙalla dalar Kanada 100,000, mai aiki shekara guda, wadda kuɗinta ke hawa da shekarun mutum da ciwon da yake fama da shi. In akwai hawan jini ko ciwon suga, ki karanta takardar da kyau, don wasu kamfanonin sukan cire tsohon ciwo. Bizar ziyara ba ta tilasta inshora, amma wallahi ban ba ki shawarar ki kawo tsohuwa babu ita ba. Tsarin lafiyar lardi bai shafi baƙo ba, kwanciya ɗaya a asibiti tana iya lashe ajiyar shekara.

Duk biyun ba su halatta aiki ba. Kuma sufa biza daga wajen Kanada ake nemanta, ba a sa ƙannenki a ciki.

Da ni ce ke, in zuwanta na farko ne, ta ziyara zan nema, ta sauka a watan Mayu ta koma kafin sanyi ya kankama. Tsohuwar da ta saba da shiga mutane, a rufe ta a gida cikin Janairu kowa ya tafi aiki, sau da yawa ita da kanta za ta fara tambayar ranar komawa. In ta zo ta ga wurin ta ce za ta iya, kuma ta koma kan lokaci, to a zuwa na biyu sai ki kashe kuɗin sufa biza.