Kwafin tsofaffin zanen gromwell uku da na saya: yadda na same su

Ina koyar da ilimin halittu a sakandare, kuma babu abin da ke ba ni wahala kamar sa ɗalibi ya zana ganye yadda idonsa ya gan shi. Shi ya sa na yi odar kwafin tsofaffin zanen tsirrai guda uku daga wani shagon intanet, in rataye a ɗakin gwaje-gwaje. Biyu na tsiron da mutanen Ingila ke kira gromwell ne, masana kuma Lithospermum, na ukun kuma na wani ɗan'uwansa ne mai shuɗin fure. Gromwell tsiron Turai ne da wasu sassan Asiya, da gangan kuma na zaɓe shi, domin furensa ba ya ɗaukar ido: ɗan ƙarami ne, fari-fari mai sirkin kore, mai leɓe biyar. Mai zane ba shi da kyan launin da zai fake da shi, dole ya nuna gwaninta a kan kaushin ganye da kan iri.

Irin nan shi ne komai. Sunan Lithospermum ma daga Girkanci ya fito, kalmar dutse da kalmar iri. Kowane fure yana iya barin 'ya'ya har huɗu, farare, masu sheƙi kamar tangaran, masu taurin gaske saboda ɓawonsu na ɗauke da sinadarin farar ƙasa, kuma sukan daɗe manne a kara bayan ganye ya bushe. Pliny, marubucin Rum da ya rasu a shekara ta 79 miladiyya, ya kwatanta su da lu'ulu'un da maƙerin ado ya jera a tsakanin ganye. Masu magani na zamanin da sun riƙa ba da su ga mai tsakuwar mafitsara, a tunaninsu iri mai kama da dutse zai fasa dutse. Linnaeus, masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, ya tabbatar wa tsiron da sunan Lithospermum officinale a 1753.

Kayan sun iso bayan mako uku, a naɗe cikin kwali mai siffar bututu, babu lanƙwasa ko ɗaya. Takardar mai kauri ce, ba ta ƙyalli, wanda ya dace da ɗakin da hasken taga ke dukan bango.

Na farko, daga littafin Otto Wilhelm Thomé na tsirran Jamus da Ostiriya da Suwizalan wanda ya fito a 1885, ya biya ni kuɗina. Asalinsa hoto ne mai launi da aka buga daga zanen da aka yi a kan faifan dutse, kuma shagon ya bar shafin yadda yake, har da ɗan rawayan tsufa na takarda da sunan tsiron a ƙasa. Na ɗora gilashin ƙara girma a kai, sai ga jijiyoyin ganye ɓaro-ɓaro, waɗanda suna cikin alamomin da ake bambance wannan tsiro da ɗan'uwansa na gona. A gefe ga furen an ƙara masa girma, ga 'ya'yan su ma daban. Wata ɗaliba ta daɗe a gabansa, sannan ta tambaye ni me ya sa aka zana abu ɗaya sau da yawa a shafi guda. Tambayar da na sayi hoton dominta ke nan.

Sauran biyun daga English Botany suke, littafin tsirran Birtaniya da James Sowerby ya yi wa zane, James Edward Smith ya rubuta bayani. An fara shi a 1790, ya ci sama da shekara 20, ya kai juzu'i 36 da zane 2,592, kowanne an sassaƙa shi a farantin tagulla, an buga, sannan an shafa launi da hannu. Aikin da aka yi da irin wannan haƙuri bai kamata a taɓa shi da garaje ba, amma an taɓa. Wani ya "wanke" hotunan a kwamfuta, ya mai da bayan takardar fari fat. A zanen gromwell mai farin fure wannan ɓarna ce babba: farin fure da farin iri suna fitowa ne saboda takardar ta ɗan fi su duhu, da aka haske ta sai suka narke a ciki, siririn layin gefe kawai ya rage. An kuma datse gefen shafin don ya shiga firam, lambar zanen ta tafi. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin abin da ya ba tsiron suna shi aka shafe.

Na ukun, gromwell mai shuɗin fure, da sauƙi. Wannan furensa yakan buɗe da ja-ja mai ruwan hoda-shunayya, sannan ya rikiɗe ya koma shuɗi, kuma yana miƙa rassa a ƙasa su yi saiwa a ƙarshensu. An ƙara wa shuɗin ƙarfi fiye da kima, amma siffar tsiron tana nan, ana iya koyarwa da shi.

Duk mai son saye, ya nemi a turo masa hoton cikakken shafi tukuna. Ya duba ko sunan Latin da lamba suna nan, ko ƙananan zanen fure da iri ba a yanke su ba, ko kuma takardar tana da launin tsufanta. Waɗannan littattafai sun daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, ana samun shafukansu kyauta a ɗakin karatu na intanet mai suna Biodiversity Heritage Library, sai a gwada da abin da shago ke nunawa.

Na rataye na Thomé kusa da allo, mai shuɗin kuma a bayan aji. Mai farin furen yana cikin kwalinsa. Na rubuta wa shagon in ji ko za su sake buga min shi daga shafin da ba a wanke ba, ko da zan ƙara kuɗi.